Yadda ake jera giyar inabi don mai saye ya gane abin da yake nema

Yawancin masu shiga kantin giyar inabi ba da sunan ƙasa suke zuwa ba. Abin da ke ransu bai wuce huɗu ba: ja ce ko fara, da zaƙi ko babu, mai nauyi ce a baki ko mai sauƙi, sannan kuɗinta nawa. Amma in ka duba kantuna da yawa sai ka tarar an jera kwalaben yadda dila ya rubuto su a takardar kaya: nan Faransa, nan Italiya, can Sifaniya, Chile da Ajantina a lungu. Wannan tsari ya yi wa mai lissafin sito daɗi, shi kuwa mai saye an bar shi da jan aiki. Zai tsaya yana jujjuya kwalabe, daga ƙarshe ya ɗauki wadda ya saba, ko wadda takardar jikinta ta fi kyau, ko ya juya ya fita bai sayi komai ba.

Tushen rikicin shi ne sunaye iri biyu ake sa wa giyar inabi. A Turai yawanci sunan wurin da aka noma inabin ake rubutawa. Faransa ta kafa dokar kare sunayen wurare a 1935, Italiya ta bi da tata a 1963, kuma a ƙarƙashin irin waɗannan dokoki sunan wuri shi ke nuna irin inabin da aka yarda a yi amfani da shi, ba tare da an rubuta shi ba. Wanda ya sani ya san Chablis inabin Chardonnay ne, farar Sancerre kuma Sauvignon Blanc, jar Burgundy Pinot Noir, Beaujolais Gamay, Barolo Nebbiolo. Amurka, Ostireliya, Chile da Afirka ta Kudu kuwa sunan inabin suke sawa gaba da manyan baƙaƙe. Don haka mutumin da ke son Sauvignon Blanc ta yankin Marlborough na New Zealand zai wuce Sancerre sau goma bai san inabi ɗaya ba ne, don an raba su da kantoci uku.

Wasu masu kanti sukan ga haka su koma jerawa bisa irin inabi. Ya fi na ƙasa sauƙi, amma shi ma yana da ramukansa. Na farko, gauraye: ina za ka sa jar Bordeaux, wadda yawanci Cabernet Sauvignon ce da Merlot, ko Côtes du Rhône mai Grenache da Syrah da Mourvèdre? Sai ka ga an buɗe wani sashe wai shi "sauransu", ya cika ya fi kowane sashe girma, babu mai leƙa shi. Na biyu, inabi ɗaya na iya ba da giya biyu da ba su yi kama ba ko kaɗan. Chablis da ba ta shiga gangar itacen oak ba siririya ce mai tsami, Chardonnay ta Kalifoniya da ta yi wata goma a ganga kuwa mai kauri ce, da ƙamshin katako. Wanda ke son ɗaya sau da yawa ba ya son ɗayar. Na uku, sunan da ke jikin kwalba ba ya nufin inabin shi kaɗai ne a ciki: dokar Amurka kashi 75 cikin ɗari ta nema, ta Tarayyar Turai da Ostireliya kashi 85. Ga kuma sunaye masu yaudara. Syrah da Shiraz inabi ɗaya ne, haka Pinot Gris da Pinot Grigio. Pouilly-Fumé Sauvignon Blanc ce daga Loire, Pouilly-Fuissé kuwa Chardonnay ce daga kudancin Burgundy. Montepulciano d'Abruzzo sunan inabi ne, amma Vino Nobile di Montepulciano sunan gari ne, inabinta Sangiovese. Sabon ma'aikaci zai haɗa waɗannan wuri ɗaya in ba a nuna masa ba.

Tsarin da nake ba da shawara a kai

A ganina kanti mai giya iri 60 zuwa 400 ya fi kyau ya bi hawa uku. Hawa na farko launi da nau'i: mai kumfa, fara, ruwan hoda, ja, mai zaƙi, sai wadda aka ƙara wa barasa irin su Port da Sherry. Hawa na biyu nauyi a baki, daga mai sauƙi zuwa mai nauyi. Hawa na uku kuɗi. Sunan inabi da na ƙasa ba a zubar da su ba, suna komawa kan katin da ke gaban kwalba.

Ba sabon tunani ba ne. A 1996 Joshua Wesson ya buɗe kantin Best Cellars a birnin New York, ya raba giyarsa gida takwas bisa ɗanɗano, ba bisa ƙasa ba, kuma tun daga nan kantuna da gidajen abinci da yawa suka ɗauki salon. Ni dai takwas na ganin shi ne iyaka. In sassa suka wuce haka, mai saye ya koma gidan jiya.

A kan kanta kuma abin da sauƙi: nauyi ya tafi daga hagu zuwa dama, kuɗi ya tafi daga ƙasa zuwa sama. Mutum ya tsaya gaban layin jar giya mai matsakaicin nauyi, ya ɗaga ido ko ya sauke shi daidai aljihunsa, duk abin da ya gani a layin ɗanɗanonsa kusa yake da juna. Wanda ya saba da Merlot ta Chile zai ga Chianti ko Rioja a gefenta, ya gwada ba tare da fargaba ba. Nan ribar tsarin take.

Aikin da ke cin lokaci shi ne tantance nauyin, kuma a nan ne yawanci ake ɓata tsarin. Abu huɗu ake dubawa. Ƙarfin barasa shi ne na farko don a rubuce yake: ƙasa da kashi 12.5 yawanci mai sauƙi ce, daga 12.5 zuwa 13.5 matsakaiciya, abin da ya kai 14 ko ya wuce mai nauyi. Sai yanayin wurin noma: wuri mai sanyi kamar Mosel a Jamus ko Loire a Faransa na ba da inabi mai tsami da ƙarancin sukari, wuri mai zafi kamar Barossa a Ostireliya na ba da inabi mai sukari da yawa, wanda ke komawa barasa. Sai ganga: giyar da ta zauna a sabuwar gangar oak, wadda ta Bordeaux ke cin lita 225, takan ƙara kauri. Na huɗu bauri, wannan bushewar da ake ji a dasashi kamar ta shayin da ganyensa ya daɗe a ruwa, wanda daga fatar inabi da ƙwayoyinsa yake fitowa.

Da wannan ma'auni, farare za su fara da Vinho Verde, Muscadet da Pinot Grigio, su wuce ta Sauvignon Blanc, Albariño, Chablis da Chenin Blanc, su ƙare a Viognier da Chardonnay mai ganga. Masu ƙamshi sosai irin su Gewürztraminer da Torrontés gara a ware musu ɗan gurbi, don mutane ko dai su so su ƙwarai ko su guje su. Jajaye su fara da Gamay da Pinot Noir, sai Chianti, Rioja Crianza, Merlot da Côtes du Rhône a tsakiya, sannan Malbec ta Mendoza, Cabernet Sauvignon, Shiraz ta Barossa da Amarone a ƙarshe.

Kada launi ya ruɗe ka. Barolo launinta ba shi da duhu, kusan kamar Pinot Noir, amma baurinta na cikin mafi ƙarfi da ake da su, wurinta ƙarshen layi ne. Kuma lamba ba ta maye gurbin harshe. Kowace giya da za ta hau kanta, a buɗe kwalba ɗaya mutum biyu ko uku su ɗanɗana ta tare da maƙwabtanta na hagu da dama. In shekarar girbi ta canza a sake, don shekara mai zafi na iya ɗaga giya daga matsakaiciya zuwa mai nauyi.

Zaƙi, inda aka fi samun ƙorafi

Babu abin da ke sa a dawo da kwalba kamar zaƙi. Mutum ya nemi marar zaƙi ya samu mai zaƙi, ko akasin haka. A giya mai kumfa kalmomin da ke jikin kwalba ma ɓatar da mutum suke. Brut na nufin sukari bai kai giram 12 a lita ba. Extra Dry, wadda sunanta ke sa a ɗauka ta fi Brut rashin zaƙi, giram 12 zuwa 17 ce. Sec 17 zuwa 32, Demi-Sec 32 zuwa 50, Doux sama da 50. A ɗaya ɓangaren akwai Extra Brut da ba ta wuce 6 ba, da Brut Nature da ba ta kai 3 ba. Prosecco, giya mai kumfa ta Italiya, da yawanta Extra Dry ce. Saboda haka sashen mai kumfa bisa sukari za a jera shi, a rubuta adadin giram ɗin a kati.

Farar giyar inabin Riesling ita ma haka. In an rubuta trocken marar zaƙi ce. In ba a rubuta ba, duba barasa: kusan giram 17 na sukari a lita ke ba da kashi 1 na barasa, don haka Riesling mai kashi 8 akwai sukarin da ya rage bai narke ya zama barasa ba, mai kashi 12.5 kuwa da wuya a ji zaƙi. Kada a tara su wuri ɗaya don sunansu ɗaya.

Akwai kuma bambanci tsakanin zaƙi da ƙamshin 'ya'yan itace, wanda mai saye ba ya rarrabewa, kuma ba laifinsa ba ne. Zai ce mai zaƙi yake so, alhali jar giya mai laushi marar bauri yake nufi. Ma'aikaci ya tambaye shi wace ya taɓa sha ta yi masa daɗi, ya kai shi layinta. Tambayar nan ta fi kowane bayani amfani.

Giyar da aka cire wa barasa a ba ta kantarta dabam, da alama babba. A Tarayyar Turai abin da ake kira wanda aka cire wa barasa na iya ɗauke da har kashi 0.5, wanda ba daidai yake da 0.0 ba. Ga wanda ba ya shan barasa sam, ko mai juna biyu, ko mai shan magani, wannan ba ƙaramin abu ba ne. A rubuta lambar a fili, kuma kada a cuɗa su da masu barasa don kwalabensu sun yi kama.

Katin gaban kwalba layi uku ya isa: irin inabi da wuri da ƙasa, sannan nauyi da zaƙi da ƙarfin barasa, sannan jimla guda ta ɗanɗano da kalmomin da kowa ya sani. Masu neman giya da sunan ƙasa ba a manta da su ba: ƙaramar tuta ko launi a kusurwar kati ya wadatar.

Kantar kanta

Kwalbar yau da kullum mililita 750 ce, cikakkiya takan kai kilo 1.2 zuwa 1.5, ta mai kumfa ta fi haka don gilashinta na da kauri, yana riƙe da iska mai ƙarfin da ya ninka na sarari sau biyar zuwa shida. Kanta mai tsawon mita ɗaya na ɗaukar kwalaben Bordeaux kusan 12 a jere, na Burgundy da Champagne ƙasa da haka don sun fi faɗi. In zurfinta kwalba huɗu ne, kana maganar kusan kilo 60 ko fiye, don haka siririn katako zai lanƙwashe. Tsakanin kanta da kanta a bar santimita 36 zuwa 38, saboda dogayen kwalaben Alsace da Jamus.

Zafi da haske su ne maƙiyan kaya. Giyar inabi ta fi son digiri 12 zuwa 14, kuma in ta daɗe a sama da 25 ɗanɗanonta na dafuwa, ruwan ya kumbura ya turo toshiyar, wani lokaci ka ga ɗigo mai danƙo a wuyan kwalba. Ga inda tsarin kuɗi ke da haɗari: kanta ta sama, inda masu tsada suke, ita ce mafi zafi kuma mafi kusa da fitila, kuma masu tsadar su suka fi daɗewa ba a saya ba. Mafita ita ce a ajiye kwalba ɗaya tak a sama don nuni, sauran su kwanta a sito mai sanyi, a sa fitilun LED. Farar giya da ruwan hoda da ke cikin gilashi garau su suka fi saurin lalacewa da haske. Hasken na taɓa sinadarin riboflavin da ke ciki, ya haifar da wari irin na kibiritu, kuma ba ya buƙatar watanni, 'yan kwanaki a bakin taga sun isa. Abin da za a sa a taga kwalaben da babu komai ciki ne.

Kwalba mai toshiyar ɓawon itace za ta iya tsayawa 'yan watanni ba matsala. Wadda za ta wuce haka a kwantar da ita don toshiyar ta riƙa jiƙa. Mai murfin murɗawa kuwa ta tsaya abinta. Wajen cika kanta, sabon kaya baya, tsoho gaba. Ruwan hoda, Prosecco da yawancin Sauvignon Blanc ba na ajiya ba ne, cikin shekara ɗaya zuwa biyu ya kamata su tafi. A tuna cewa ƙasashen kudancin duniya tsakanin Fabrairu da Afrilu suke girbi, Turai kuwa daga ƙarshen Agusta zuwa Oktoba, don haka kwalabe biyu masu shekara ɗaya a rubuce, ta kudu ta girmi ta arewa da kusan wata shida.

Jerin giya a gidan abinci

A tebur abin ya ɗan bambanta. Baƙo ba ya ganin kwalba, ana jiransa, mutane na kallonsa, kuma ba ya so ya faɗi suna ba daidai ba. Jeri mai kyau shi ne wanda ya cire masa wannan nauyi cikin minti biyu.

Ga gidan abinci matsakaici, giya iri 30 zuwa 60 sun isa, a shafi ɗaya ko biyu. Tsarin ya bi yadda ake sha: mai kumfa, fara, ruwan hoda, ja, mai zaƙi. Cikin kowane sashe daga mai sauƙi zuwa mai nauyi, kuma a rubuta hakan a jimla ɗaya a saman shafi, in ba haka ba babu wanda zai lura. Sashe kada ya gaza layi uku, kada ya wuce goma sha biyu. In ya wuce a raba shi.

Ban goyi bayan jerawa bisa kuɗi ba. Da zarar lambobi sun sauko a jere daga ƙarami zuwa babba, ido ya bar sunayen ya koma gefen dama, rabin jerin ya mutu. In nauyi ne ya yi jagora, kuɗin na warwatse, baƙo ya karanta abin da ke gabansa. Sai dai a tabbata kowane sashe na da mai araha, mai matsakaicin kuɗi da mai tsada, kada wanda ke son mai nauyi ya tarar duk sun fi ƙarfinsa.

Akwai inda tsarin ƙasa ya fi dacewa, kuma gaskiya ne a faɗa. Jeri mai ɗaruruwan giya, wanda masu zuwa wurin sun san bambancin ƙauyukan Burgundy, dole ya bi ƙasa, yanki, ƙauye, mai gona, sannan shekara. Haka gidan da giyar ƙasa ɗaya kaɗai yake sayarwa, daga arewa zuwa kudu ya fi ma'ana. Ko a nan a sa shafi ɗaya a gaba mai giya 15 zuwa 20 bisa ɗanɗano. Abin da ba ya yiwuwa shi ne haɗa tsari biyu a hawa ɗaya: kan magana "Italiya", na gaba "Chardonnay", na gaba "masu nauyi". Chardonnay mai nauyi daga Italiya ba ta da gida a irin wannan jeri.

Kowane layi ya ɗauki abubuwa iri ɗaya a tsari ɗaya: lamba, mai yin giyar, sunanta, irin inabi, yanki da ƙasa, shekarar girbi, kuɗi. In girman kwalba ba 750 ba ne a rubuta, rabi 375, magnum lita 1.5. Rubutun kada ya gaza girman 11 ko 12, a gwada karanta shi da hasken dare na ɗakin, ba na ofis ba.

Lambar nan tana da amfani fiye da yadda ake zato. Baƙon da ba zai iya furta Gewürztraminer ba zai ce 214 hankali kwance, mai sabis ya je ramin 214 a sito ya ɗauko. A ba mai kumfa ɗari da wani abu, fara ɗari biyu, ruwan hoda ɗari uku, ja ɗari huɗu, a riƙa tsallake biyar-biyar don sabuwar giya ta samu gurbi a daidai nauyinta. Lambar giyar da ta ƙare kada a ba wata nan take, tsofaffin ma'aikata za su kawo ba daidai ba.

Masu sayarwa kofi-kofi su zauna a farkon jeri, da girman kofin a rubuce. Kwalba ɗaya na ba da kofi 6 na mililita 125, ko 5 na 150, ko 4 na 175 da ragowar 50. Yawansu kuwa lissafi ne. Buɗaɗɗiyar kwalba kwana biyu zuwa huɗu take yi a firiji kafin iska ta kashe ta, mai kumfa kwana ɗaya ko biyu da toshiya ta musamman. In kofi 30 ake sayarwa a rana, cikin kwana uku 90 ke nan, wato kwalba 18 in kofin na mililita 150 ne. Amma ba daidai suke tafiya ba, uku ko huɗu ne za su cinye rabin cinikin, don haka iri 8 zuwa 10 ne za su ƙare kafin su lalace. Wanda ya sa iri 25 a irin wannan ciniki, ko dai yana zubarwa ko yana ba baƙi gajiyayyiyar giya. A rubuta ranar buɗewa a bayan kowace kwalba, a ɗanɗana su kafin a fara aiki. Masu tsada kuwa akwai na'urori irin su Coravin, da ke zuƙo giya ta allura su cike gurbin da iskar argon ba tare da an cire toshiya ba.

Jerin a buga shi a cikin gida a kan takarda mai sauƙin sauyawa, a gwada shi da sito sau ɗaya a mako. Giyar da ta rage kwalba biyu a cire ta daga jeri, mai sabis ya riƙa tallata ta da baki har ta ƙare. In jeri ya ce 2019 kuma 2021 ce a sito, a faɗa wa baƙo, a nuna masa takardar jikin kwalbar kafin a taɓa toshiya.